Yarinyar da Aka Hana Durƙusawa

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani mutum, manomi. Ba zan faɗi sunansa ba, gama in na faɗa, kowa zai waiga ya dubi maƙwabcinsa ya manta da kansa. Mutanen garin dai Baban Afiniki suke ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

A zamanin samartakarsa mutumin nan ya buga ƙwallon raga, wasan nan da ake tsayawa mutum shida-shida, raga a tsakani, kowane ɓangare yana ƙoƙarin kada ƙwallo ta taɓa ƙasa a gefensa. In ƙwallo ta ƙetaro, sau uku ake taɓa ta. Na farko ya durƙusa ya haɗa hannuwa ya karɓe ta. Na biyu ya ɗaga ta sama da yatsu. Na uku ya yi tsalle ya maka ta a filin abokan karawa. To, na ukun nan shi ake yi wa tafi. Na farkon kuwa, ko sannu ba mai ce masa.

Baban Afiniki gajere ne, hannunsa bai taɓa leƙa saman raga ba. Saboda haka kullum a baya ake ajiye shi, yana faɗuwa yana tashi, gwiwoyinsa duk tabo, dogaye suna kwashe tafin. Abin nan ya ci masa rai, ya kuma ƙi barinsa. Ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙowa, amma haushin na nan kwance a cikinsa kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Sai ga Afiniki ta taso doguwa. Tana da shekara goma sha ɗaya ta wuce uwarta tsawo. Ran da uban ya lura da haka ya ce a ransa, "Allah ya rama mini." Ya ɗaura raga tsakanin itacen mangwaro da wani turke a bayan majami'a, ya tara 'yan matan makarantar Lahadi, ya rataya usur a wuya. Shi ne mai koyarwa, shi ne alƙalin wasa, shi ne kuma mai fili, don haka ba mai ja da shi.

Wasan yana da wata doka, mutumin kuwa ya san ta sarai. Duk lokacin da bugun farko, wato bugun da ake buɗe wasa da shi daga layin baya, ya dawo hannun ɓangarenku, sai ku zagaya, kowa ya matsa zuwa gurbin na kusa da shi, har na gaba ya koma baya, na baya ya fito gaba. Da haka kowa zai ɗanɗana tsalle, kowa kuma zai ɗanɗana ƙasa. Baban Afiniki ya ɗauki dokar nan ya jefa ta bayan danga.

Ya ce, "A filina ba a zagaye. Kowa ya tsaya inda na kafa shi."

Ya kafa Afiniki a gaba, gab da raga, ya ce mata, "Aikinki ɗaya ne. In an ɗaga miki, ki maka. Sauran wahalar ta wasu ce."

A gidan mutumin akwai wata yarinya, Bilhatu, 'yar ƙaninsa da ya rasu, sa'ar Afiniki ce, amma 'yar guntuwa. Ba ƙinta yake yi ba, a'a, yana ciyar da ita, yana tufasar da ita kamar nasa. Ganinta ne kawai ba ya yi. A fili ba ta da gurbi nata na kanta. Yau mai ɗagawa ta tafi kai niƙa, sai ya ce, "Bilhatu, shiga nan." Gobe mai karɓa tana jinyar uwarta, "Bilhatu, koma can." Jibi mai bugun farko ta yi targaɗe, "Bilhatu, je ki buga." Haka aka yi ta jifa da ita daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba wanda ya taɓa tafa mata.

Wata dattijuwa mai suna Malama Liyatu ce ke koyar da yaran a makarantar Lahadi, ita ma ta taɓa wasan a kwalejin horon malamai. Ta zauna a gindin mangwaron nan mako uku tana kallo. A mako na huɗu ta kira mutumin gefe.

Ta ce, "Baban Afiniki, sannu da ƙoƙari. Amma ina da magana."

"Ina jin ki, Malama."

"Yarinyar nan shekararta goma sha ɗaya. Ba ka san inda tsawonta zai tsaya ba, ba ka san abin da hannunta zai so ba. Ka bar su su zagaya mana. Ta koyi karɓa, ta koyi ɗagawa. In ta girma sai a ga inda ta fi dacewa."

Ya ce, "Malama, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Haka ne. Amma kai ba tanƙwarawa kake yi ba. Rassan kake sarewa, ka bar guda."

Nan take ransa ya ɓaci, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "'Yata ba za ta goge ƙasa da gwiwa don wata ta sha tafi ba. Ni na yi, na yi wa gidanmu duka. In kina son fili, ga daji can, ki share naki."

Malama Liyatu ta ɗauki jakarta ta tafi. Ta san wanda bai ji bari ba zai ji hoho, sai dai abin da ya dame ta shi ne ba shi kaɗai zai ji ba.

Ana nan, wata rana da yamma ƙwallo ta kuɓuce wa ta baya, ta nufo ƙasa kusa da Afiniki. Yarinya ba ta tsaya tunani ba. Ta yi sufa, ta zube rub da ciki, ta sa hannu ɗaya ta tsamo ƙwallon saura ƙiris ta taɓa ƙasa. Ta tashi tana dariya, zanenta duk ƙasa, sauran yaran suna ihu. Sai aka ji usur.

"Wa ya ce ki durƙusa?"

"Baba, ai na cece ta. Kuma daɗi na ji."

"Daɗi? Daɗin birgima a ƙasa kamar jaki? In kika karya yatsa wa zai maka mini ƙwallo? Fita ki zauna!"

Ya zaunar da ita a gindin mangwaro har aka tashi, a gaban ƙawayenta. Daga ranar Afiniki ba ta ƙara lanƙwasa gwiwa a fili ba. Ƙwallo za ta faɗi a gaban yatsun ƙafarta, ta tsaya ƙiƙam tana kallonta, uban kuma ya juya ya balbale Bilhatu da faɗa don ba ta zo ta ɗauka ba. Ina faɗa muku, duk sanda na tuna da wannan yammacin, raina yakan ɓaci. Yarinya ta gano wani abu mai kyau a jikinta, uban da ya haife ta ya sa ƙafa ya take shi.

Shekara uku aka yi a haka. Ƙauyukan kewaye suna zuwa, ana lallasa su suna komawa, don a filinsa ake yi, da usur ɗinsa, da dokarsa. Hannun Afiniki ya yi ƙarfi, in ta maka ƙwallo har masu sayar da ƙosai a bakin hanya sai sun ji. Aka yi mata laƙabi da Guduma. Uban yana tafiya a gari yana buɗa kafaɗa, kai ka ce shi ya ƙera ta. Amma akwai abin da ya ƙi gani. Tsawon Afiniki ya tsaya tun tana sha biyu, sa'o'inta kuwa suna ta tahowa, har biyu sun kamo ta. Da aka nuna masa, sai ya ce ai takalmi ne.

Makarantar garin a aji uku na sakandare take ƙarewa. Yarinyar da ba ta samu gurbi a wani wuri ba, karatunta ya tsaya ke nan, sai gona da surfe. Afiniki da Bilhatu suna ajin ƙarshe sa'ad da fasto ya karanta wata takarda a majami'a. Ranar Litinin ta bayan Ista matasan ikilisiyoyin gunduma za su taru a babban gari su yi wasanni, kamar yadda aka saba. Amma bana wata mai horar da 'yan wasa za ta zo daga birni, ta zaɓi yarinya ɗaya daga kowace ƙungiya, a kai ta makarantar kwana inda ake karatu ana wasa.

Yarinya ɗaya. Afiniki ta sa abin a ranta har abinci ya daina shiga. Tana son karatun nan, ta riga ta wanke jakarta ta shanya. Uban kuwa ko kokwanto bai yi ba. Ya bi gida-gida yana cewa a zo a ga ranar Guduma.

Ranar ta zo. Suka hau bayan a-kori-kura da sassafe, har da Malama Liyatu, suna waƙa har babban gari. Baƙuwar daga birni ta tara ƙungiyoyin kafin a fara, ta ce, "Dokar wasa za a bi. Kowa zai zagaya. Kuma ba na son a fitar da yarinya don ta koma baya. Shidan da suka shiga su za su ƙare."

Gaban Baban Afiniki ya faɗi. Ya kutsa ya isa gabanta, ya ce, "Ranki ya daɗe, mu a wurinmu ba haka muke yi ba. 'Yata mai duka ce. In ta koma baya sai a musanya ta, ai ko manyan 'yan wasa haka suke yi."

Ta ce, "Manya ka ce, Baba. Waɗannan yara ne. Ban zo ganin wanda zai ci wasa ba, yaran na zo gani."

Ya ja Afiniki bayan mota, ya kama hannuwanta yana haɗawa, yana cewa, "Ki yi haka, ki sa wannan a kan wannan, ki miƙe gwiwar hannu." Yarinya tana kallonsa kamar yana yi mata wani yare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya gama aka busa usur, wannan karon kuwa usur ɗin ba a wuyansa yake ba.

Da farko abin ya yi kyau. Afiniki tana gaba, aka ɗaga mata, ta maka. Aka sake ɗagawa, ta sake makawa, har wata yarinya a can gefen ta kauce don tsoro. Fili ya ɗauki ihu, "Guduma! Guduma!" Baƙuwar ta rubuta wani abu a takardarta. Sai zagaye ya zo, ya sake zuwa, ya kai Afiniki layin baya, aka miƙa mata ƙwallo ta yi bugun farko. Shekara uku tana wasa, ba ta taɓa yi ba. Ta buga, ƙwallo ta tafi ta rungumi raga.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shugabar ɗaya ƙungiyar, wata yarinya mai ido, ta lura da yadda Afiniki ke tsaye a baya, ƙafafu a haɗe, gwiwa a miƙe. Ta auna ta, ta aiko da ƙwallo. Ƙwallon ta bugi wuyan hannun Afiniki ta yi cikin 'yan kallo. Yarinyar ta sake aikowa, ƙwallon ta same ta a ƙirji. Ta uku ta zo ƙasa-ƙasa, ta faɗi a gaban yatsun ƙafarta, Afiniki tana tsaye tana kallonta, daidai yadda aka koya mata. Bakin da ke kiran Guduma ɗazu shi ya koma dariya.

Baban Afiniki ya haukace a bakin fili. Yana tsalle, yana dukan cinya, yana ihu da iyakar muryarsa, "Durƙusa! Ke, durƙusa mana! Ba ki da gwiwa ne?"

Afiniki ta juyo ta dube shi. Kallon nan ya shige shi har ya daina ihun.

Bilhatu ce ta matso kusa da 'yar'uwarta, ta ce mata a hankali, "Matsa kaɗan, Yaya, zan riƙa ɗauka." Ta riƙa ɗaukar nata tana ɗaukar na Afiniki, tana zubewa tana tashi. Da zagaye ya kai ta tsakiya ta ɗaga ƙwallo sumul. Da ya kai ta gaban raga, tsawonta bai isa duka ba, sai ta sa yatsu ta ɗan tura ƙwallon inda ba kowa. Ba gurbin da ya zame mata baƙo, gama babu inda ba a jefa ta ba. Duk da haka ba ta iya ɗauke nauyin mutum biyu har ƙarshe ba. Aka cinye su.

Da yamma baƙuwar ta kira sunaye. Da ta zo kan ƙungiyarsu ta ce, "Bilhatu."

Mutumin ya yi kanta kamar zai cinye ta ɗanya. "Bilhatu? Wannan 'yar guntuwar? Ba ki ga dukan da 'yata ta yi ba? Wannan ai son kai ne! An haɗa baki ne!"

Matar ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Na gani, Baba. A duk filin nan yau ba hannu kamar na 'yarka. Amma rabin wasa a baya ake yinsa, ita kuwa a baya kamar ba ta nan. Yarinya 'yar sha huɗu, ban san abin da za ta zama ba tukuna. Wata za ta ƙara tsawo, wata ta tsaya. Ka kawo mini wadda ta san fili duka, ni zan nemo mata gurbinta in ta kai sha bakwai. Wadda aka ɗaure a turke ɗaya, in turken ya karye, ina zan kai ta?" Ta dubi Afiniki da ke zaune can ita kaɗai, ranta ya ɓaci ita ma, ta ce, "Ni dai ina so in san wanda ya yi wa yarinyar nan wannan aika-aika. Wa ke koya musu?"

Usur ɗin yana cikin aljihunsa. Ya sa hannu ya ƙara tura shi ciki.

A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa. Da suka isa gida Bilhatu ta durƙusa a gabansa tana kuka, ta ce, "Baba, in ka ce kada in je, ba zan je ba. Wurin Yaya ne." Kada in ɓoye muku, zuciyarsa ta raya masa ya ce to. Ya buɗe baki ke nan sai Afiniki ta riga shi.

"Za ki je, Bilhatu. Da gwiwarki kika samu."

Sannan ta juyo wurin ubanta. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ta ɗaga.

"Baba, ka tuna ran da na zube na tsamo ƙwallo? Na ce maka daɗi na ji. Ka kira ni jaki, ka zaunar da ni a gaban ƙawayena. Yau kuma a gaban gunduma duka kana ihu in durƙusa. Da wace gwiwa, Baba? Wadda ka hana ni?"

Ya ce, "Don ke na yi."

Ta ce, "A'a. Don kanka ka yi. Tafin da ba a yi maka ba shi ka aike ni in karɓo. Malama Liyatu ta gaya mini a mota, wai a zamaninku duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka iya karɓar ƙwallo. Abu ɗaya da ka iya da gaske, shi ka ɓoye mini."

Ta nufi ɗaki. Jakar da ta wanke tana rataye a igiya, ta cire ta ta miƙa wa Bilhatu.

Bilhatu ta tafi makaranta da faɗuwar ruwan fari. Afiniki ta bi uwarta gona. Baƙuwar ta ce mai yiwuwa ta dawo baɗi, amma ba ta yi alkawari ba, kuma shekarun ɗauka suna da iyaka. Kwana arba'in ragar nan tana rataye ba wanda ya je wurinta, uba da 'ya kuwa sai gaisuwa kawai.

Wata Asabar da safe mutumin zai wuce gona, sai ya ji ƙarar ƙwallo a bayan majami'a. Ya leƙa. Malama Liyatu ce take jefa wa yara 'yan shekara takwas ƙwallo ƙasa-ƙasa, suna koyon karɓa. A ƙarshen layin ga Afiniki, doguwa a cikin ƙanana, tana jiran a zo kanta. Aka jefa mata, ta sunkuya a karkace, ƙwallo ta bugi babban yatsanta ta yi gefe. Ƙananan suka yi dariya. Ta share ido ta koma layi.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ajiye fartanyarsa a gindin mangwaro, ya shiga filin, ya naɗe ƙafar wandonsa har tsofaffin tabon nan suka fito. Bai iya kallon fuskar 'yarsa ba. Ya tsaya a gefenta, ya buɗe ƙafafu, ya sauka a kan gwiwoyinsa da kyar, suna ƙara. Ya ce wa Malama Liyatu, "Jefo mini, Malama. Ƙasa-ƙasa."

To, ga ma'anar misalin, don kada wani ya fita ya ce labarin ƙwallo kawai ya ji.

Filin nan shi ne rayuwar da Allah ya ba kowane yaro, da faɗinta duka. Mutumin nan kuwa kada ku neme shi a wani ƙauye. Yana zaune a kan bencin da kake zaune. Mu ne, iyaye da malamai da dattawan ikilisiya, da muke duban yaro ɗan shekara goma mu yanke masa abin da zai zama har ya mutu. Wannan tana da murya, to, ita da ƙungiyar mawaƙa, kada ta taɓa tsintsiya. Wannan yana da kai, to, shi da littafi, kada ya san inda fartanya take. Wannan ba ya magana, to, ba shi da amfani, a aike shi ɗebo ruwa. Wa ya ba mu wannan iko? Mu muka halicce su? Manomin kirki ma yakan zuba ƙwaya huɗu ko biyar a rami guda, sai sun tsiro ya ga mai ƙarfi, sannan ya rage. Mu kuwa tun iri na hannu muke zaɓa, mu zubar da sauran, mu ce wai gata muka yi wa yaro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, sau da yawa ba don yaron muke yi ba. Abin da ya wuce mu a ƙuruciya shi muke ɗora masa a ka. Wanda bai zama likita ba sai ɗansa ya zama, ko yaron yana suma in ya ga jini. Wadda aka raina a gidan miji sai 'yarta ta taka kowa. Mu kira shi ƙauna, alhali tsohon haushinmu ne muka sa wa sabuwar riga. Allah yana ganin bambancin, yaron ma wata rana zai gani, kuma zai tambaye ka kamar yadda Afiniki ta tambayi ubanta.

Zagayen da dokar wasa ta ce a yi, shi ne yadda Ubangiji yake juya kwanakin mutum. Ba wanda yake dawwama a gaban raga. Yau ana tafa maka, gobe kana baya, abu yana zuwa maka ƙasa-ƙasa, ciwo ne, ko rashi, ko tsautawa, ko aikin da ba mai gode maka. Maƙiyi kuma yana da ido kamar yarinyar can, inda ba ka iya ba nan zai yi ta aunawa. Yaron da aka koya wa tsalle kawai, ran da aka ce ya sauka, tsaye zai yi yana kallo abin ya faɗi a gabansa.

Kada wani ya ce na hana mutum ya ƙware a abu ɗaya. Ban hana ba. Kowa da baiwarsa, kuma lokaci yana zuwa da mai ɗagawa zai zama mai ɗagawa, mai duka ya zama mai duka. Amma wannan lokacin na girma ne, bayan yaro ya taka kowane gurbi da ƙafarsa ya san nauyinsa. Mai dukan da ya taɓa zubewa a ƙasa ba zai raina mai karɓa ba. Ku shugabannin matasa da kuke da raga a bayan majami'unku, da ku nake, kai tsaye. Ku bar yaran nan su zagaya. In an cinye ku ranar Asabar saboda haka, a cinye ku. Kofin da kuka ci da yara 'yan sha ɗaya, tsatsa zai yi a ofishin fasto.

Kada kuma wani ya ce ai mutumin ya kyauta wa Bilhatu. Bai kyauta ba, watsi ya yi da ita, Allah ne ya juya watsin ya zama mata alheri. Ke da ake jefawa nan da can a gida ko a ikilisiya, ba mai kiran sunanki, ki riƙe kowane gurbi da aminci. Akwai mai kallo, kuma yana rubutawa.

Ku kuma yara, ranar da aka ce ku koma baya, ku koma ba da gunaguni ba. Iyaye, in kun isa gida yau, kowa ya dubi ɗansa ya tambayi kansa, wace gwiwa na hana shi lanƙwasawa? Mutumin nan ya durƙusa daga baya, gwamma haka da babu. Amma sa'ad da ya durƙusa, motar makaranta ta riga ta tafi.